Kankana na fure amma ba 'ya'ya, wai shuka furanni a gefen lambu na dawo da ƙudan zuma?

Ɗan Sawagi (Kasala)

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da warhaka. Dan Allah tambaya gareni ga manoma da masu kiwon zuma da duk wanda ya karanci harkar gona. Muna da ɗan lambu a sawagi, wato lambunan ban ruwa, nan Kasala ta Sudan a bakin kogin Gash, na gado ne, ni da ƙannena muke yi, faddan biyu da ɗan wani abu (faddan kusan eka ɗaya ne). Albasa ce babbar sana'armu amma muna saka kankana da kabewa da ajjur (wani irin kokwamba) a gefe, sai 'yan bishiyoyin lemun tsami da mangwaro. Abin da ke damuna shine kankana zata tashi lafiya lau, ganye kore shar, yaɗo ya rufe ƙasa, fure ya fito da yawa, amma sai kaga ɗan ƙwallon ya kai girman kan yatsa yayi rawaya ya bushe ya faɗi, wanda ya tsaya kuma rabinsa a karkace yake fitowa, gefe ɗaya ya cika gefe ɗaya a tsuke, in ka kai kasuwa dillali ko kallonsa baya yi. Ruwa bamu rage mata ba, taki mun saka, feshi ma muna yi akan lokaci.

Wani ɗan yayata da ke karatu a waje ya turo min bidiyo ta WhatsApp wai a ƙasashen Turai manoma na ware wani siririn fili a gefen gona su shuka furannin daji kala kala, ba na ci ba ba na sayarwa ba, don kawai ƙudan zuma da sauran ƙwari su samu abinci, wai hakan na ƙara amfanin gona har gwamnati na biyansu akai. Yace matsalata rashin ƙudan zuma ce. Kuma gaskiya muna yara in ka shiga lambun nan da hantsi ƙuginsu kake fara ji, yanzu sai ka zaga kunya uku huɗu kafin kaga guda.

To gaskiya ne ko abin Turawa ne da ba zai yi a ƙasarmu mai zafi ba? In gaskiya ne wane fure zan shuka, a ina zan samu iri, kuma ƙasa nawa zan bari? Don kun san halin da ake ciki, man injin ban ruwa yayi tsada, bazan iya shayar da abin da bazai shiga tukunya ko aljihu ba sai na tabbatar da amfaninsa. Allah ya saka da alheri.

Malamin Gona (Gadarif)

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ɗan yayarka bai faɗi ƙarya ba, kuma wannan karkacewar da ka siffanta alama ce babba. Bari in fara da kankanar kanta sannan mu zo kan furen.

Kankana da kabewa da ajjur duk fure iri biyu suke yi a jikin yaɗo ɗaya, akwai namiji akwai mace. Macen ita ce wadda zaka ga ɗan ƙwallo a ƙarƙashinta tun kafin ta buɗe, namijin siririn tsinke ne kawai ke riƙe da shi, shi ke fara fitowa kuma ya fi yawa, in yayi aikinsa ya faɗi wannan ba ciwo bane. Garin da ke cikin namijin yana da nauyi da danƙo, iska bata ɗaukarsa yadda take ɗaukar na masara da gero, dole sai ƙwaro ya shiga ya kwaso a jikinsa ya kai wa macen. Ita kuma macen safiya ɗaya tak take buɗewa, rana na yin sama ta rufe shikenan. A cikin wannan safiyar ana so ƙudan zuma ya sauka a kanta kamar sau 8 ko fiye, a tara mata ƙwayar gari tsakanin 500 zuwa 1,000, kuma bakin macen kashi uku ne, in gari ya samu kashi ɗaya ya bar biyu gefen da ya samu shi ke yin iri ya cika, sauran ya tsuke. Ga karkatacciyar kankanarka nan. In bai samu ba ko kaɗan sai ɗan ƙwallon yayi rawaya ya faɗi.

Amma zafi mai tsanani ma na zubar da fure, yuriya in tayi yawa ma sai ganye ya haukace 'ya'ya su ƙi, don haka ka gwada kafin ka yanke. Ka fita tsakanin ƙarfe bakwai da tara na safe ka tsaya kan kunya ɗaya minti goma ka ƙirga ƙwarin da ke shiga fure. Sannan ka zaɓi mata kamar ashirin ka yi musu barbara da hannunka ka ɗaura musu zare, ka bar ashirin haka nan. In masu zaren suka kama sauran suka zube to ka samu amsarka da idonka.

Yanzu maganar shuka fure. Dalilin abin mai sauƙi ne, kankanarka makonni kaɗan take fure, kafin nan da bayan nan me ƙwaron zai ci? Kamar ka ce kana son 'yan ƙwadago su zauna a ƙauyenku shekara guda cur amma aikin sati uku kawai gareka kuma ba kasuwa ba rijiya, ai tashi zasu yi, ranar da kake nemansu babu kowa. Furen gefen gona shi ke riƙe su kafin naka ya buɗe da bayan ya ƙare. Ruwan zaƙin fure shi ke basu ƙarfin tashi, garin kuma shi suke ciyar da 'ya'yansu da shi, in babu gari babu haihuwa.

Kuma ba wannan ƙudan zuman na amya kaɗai ke aikin ba, nan ne mutane da yawa basu sani ba. Akwai nau'in ƙudan zuma sama da 20,000 a duniya, mafi yawansu basa yin zumar da za a ɗiba, ba sarauniya ba runduna, mace ɗaya ce zata haƙa ɗan rami a ƙasa ko ta shiga cikin busasshen kara ta tara gari tayi ƙwai ta toshe. Wajen kashi 70 cikin ɗari nasu a ƙasa suke gida. Ga galla, ga wannan babban baƙin mai ƙugi da ke huda azara, ga malam buɗe littafi, har ƙudaje, mangwaronka da irin albasarka ƙudaje na musu aiki sosai. A 2013 an fitar da wani babban bincike da ya haɗa tsarin noma 41 a nahiyoyi daban daban, aka ga ziyarar ƙwarin daji na ƙara kama 'ya'ya ninki biyu akan ta ƙudan zuman kiwo. Su kuma ƙananan basa nisa, 'yan mitoci ɗari kaɗan ne iyakarsu, na amya ne ke iya tafiyar kilomita biyu uku. Shi yasa dole abincinsu da gidansu su kasance a jikin lambun.

Su Turawa abin da ya kai su ga wannan shine sun share nasu, Ingila kaɗai ta rasa kashi 97 cikin ɗari na filayen furannin dajinta daga shekarun 1930. A jihar Michigan ta Amurka an shuka furannin daji kusa da gonakin wasu 'ya'yan itace ƙanana, shekarar farko da ta biyu ba a ga bambanci sosai ba, sai a ta uku da ta huɗu ƙwarin daji suka yawaita amfani ya ƙaru. To kaga abin na son haƙuri.

Amma ni bazan ce maka ka kwafi nasu ba, su ana biyansu kai ba mai biyanka. Wanda ya fi dacewa da mu shine tsarin da cibiyar binciken noma a busassun ƙasashe ta ICARDA ta gwada a Uzbekistan da Maroko da ƙananan manoma, kashi uku cikin huɗu na fili a saka babban amfanin, kashi ɗaya a kewaye a saka abubuwa masu fure waɗanda su ma ana sayarwa, irin su kasbara da shamar (kayan ƙamshin miya ne) da furen rana da kuɓewa, a zaɓe su yadda wani na gama fure wani na farawa. Manoman sun samu ƙarin kuɗi akan maƙwabtansu da suka cika filin duka da abu ɗaya. Mu nan Gadarif da riɗi ne rayuwarmu ma abin ya shafe mu, wani bincike a Burkina Faso a 2017 ya nuna in aka hana ƙwari shiga furen riɗi amfanin na faɗuwa da kashi 59 cikin ɗari, auduga kuma 37.

Baba Mai Hawasha (Mai Wurno)

Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ke rubuta min ina faɗa. Malam na ji bayaninka Allah ya ƙara ilimi, amma ina da ja a wani wuri, ni noma na gada kuma na yi hawasha, wato gonar ban ruwa ta shirin gwamnati, a Jazira shekaru masu yawa kafin ƙarfi ya ƙare.

Ciyawa a gefen gona mu abin da muka sani mafaka ce, ɓera a ciki, maciji a ciki, farar ƙuda a ciki, tsutsa ta kwana a can da safe ta shigo maka. Mufattishi, jami'in duba gonaki, ma in ya zo ya ga bakin hawasharka da ciyawa faɗa zai yi maka. Yanzu kuma a ce mutum da hannunsa ya shuka ta har ya bata ruwan da ya saya da kuɗi? Sannan awakin unguwa fa, wa zai tsare su?

Na biyu maganar iri daga waje, ɗana na Kasala ina roƙonka kada ka yarda wani ya aiko maka da ƙullin irin fure daga wata ƙasa ka watsa. Kai da ke bakin Gash ba sai an baka labarin itacen miskit ba. Da sunan alheri aka kawo shi, wai ya tsare rairayi ya bada inuwa, yau ga shi ya cinye ƙasar noma ya toshe hanyoyin ruwa, ƙayarsa na fasa tayar mota, ka sare ya tofo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Amma batun zuma ta ragu wannan gaskiya ne ba musu, kuma ni na san abu biyu da suka kore ta. Na ga lokacin da jirgi ke saukowa ƙasa ƙasa yana feshin auduga, in ya wuce sai ka tarar da zuma a zube ƙarƙashin bishiya, har kifi na tasowa a tur'a, wato hanyar ruwa. Kuma duk da feshin nan ƙarshenta farar ƙuda ta fi ƙarfinmu, audugar ta riƙa danƙo. Na biyu gatari. Da can in ka fita bayan gari gawo ne da kurna da bagaruwa da dushe da aduwa, kowace da lokacin furenta, gawo ma sai damina ta wuce kowa ya kaɗe shi kuma ya fitar da ganye da fure. Amya muke ratayawa a kansu, ba wanda ya shuka wa zuma komai. An mayar da su gawayi. In ana son zuma ta dawo a ganina itace za a mayar, kurna ɗaya in ta girma ta fi kunya goma ta fure kuma bata neman injin ruwa. Ku tuna kuma Manzon Allah (SAW) ya hana kashe ƙudan zuma, ba ƙaramar halitta bace a wurin Allah.

Mai Amya (Baha, Saudiyya)

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, wallahi maganar itacen nan ta taɓa ni don ita nake gani kullum. Ni ɗan Damazin ne asali amma ina aiki da wani mai kiwon zuma a nan yankin Baha, kuma aikin namu kusan rabinsa bin fure ne da mota. Da sanyi mu loda amya da daddare mu gangara Tihama inda ya fi ɗumi, zafi na shigowa mu hau dutse, lokacin furen itatuwan ƙaya talha da samur wuri daban, wajen watan Oktoba kuma kowa na neman kwarin da ke da kurna don zumar sidir, wato ta kurna, ita ce mai tsada. Akwai wata 'yar ciyawa da suke kira majra da ke bada farar zuma, akwai durum mai ƙamshi a duwatsun Ɗa'if, duk ba wanda ya shuka su, ruwan sama ne ke tada su. Shekarar da ruwa ya ƙi sauka kuwa sai ka ganmu da buhunan sukari muna dama musu, kuma duk da haka in ka buɗe amya zaka ga sarauniya ta rage ƙwai, saƙar da ya kamata ta cika da 'ya'ya fayau, saboda sukari ƙarfi kawai yake bayarwa baya maye garin fure.

Abin da nake so in ƙara wa ɗan'uwana na Kasala shine kar wani ya ce maka ka sayo amya biyu ka ajiye magana ta ƙare. In babu abinci a wurin ko dai su gudu ko su mutu, kuma kafin nan su kwashe ɗan abin da ƙananan na daji ke samu. Nan muna ganin haka, kwari ɗaya mutum goma su jibge amya ɗaruruwa kowa ya tashi da kaɗan. Kuma duk shekara ana shigo da ƙudan zuma daga Masar a kwali, suyi kaka ɗaya zafi ya gama da mafi yawansu, 'yar ƙasar kuwa ƙarama ce amma ita ke jure zafi da yunwa. Na gida ya san gida, ko ƙwaro ne ko tsiro.

Game da iri kuma Baba kar ka damu, sau da yawa ba sai an sayo ba, yana nan cikin ƙasa yana jira. Nan wuraren da hukuma ta killace ta hana kiwo da sara, bayan ruwa ɗaya biyu sai kaga furanni sun rufe ƙasa, a arewacin ƙasar furen khuzama ke mayar da sahara shuɗiya-shuɗiya, alhali ƙetaren waya inda raƙuma da tumaki ke kiwo ƙasa ce tsirara. Tun 2021 suka ƙaddamar da shirin dasa bishiya biliyan 10 kuma suna bada ƙarfi kan na gida irin su sidir da talha, sare itacen daji ko sayar da itacen wutar gida tara ce mai nauyi. Mu bamu da kuɗinsu amma shingen ƙaya ai muna da shi. Ka killace wani lungu da baka nomawa, bakin rijiya ko gindin shinge, ka ga me zai fito da kansa bayan damina, mai amfani ka bari mugu ka tuge.

Malamin Gona (Gadarif)

Baba Allah ya ja kwana, ban ƙi taku ba ko ɗaya, maganar miskit ma ku kuka fi ni gaskiya, tun 1917 aka shigo da shi ƙasar nan kuma a 1995 sai da gwamnati ta bada umarnin a kawar da shi, har yau ba a gama ba. Zuma na son furensa sosai amma wannan bai isa dalilin barinsa ba. Haka ƙuduji, furensa kyakkyawa ne amma ba mai hankalin da zai bar shi kusa da dawa.

Inda nake roƙon ku duba shine bambancin ciyawar da aka ƙyale da furen da aka zaɓa. Mai kankana kar ya bar guna ko wani mai yaɗo danginta a gefe don cutar da farar ƙuda ke ɗauka tana zama a jikinsu ta dawo masa, mai auduga ya nisanci dangin kuɓewa da rama. Amma kasbara da shamar da ɗoɗɗoya ba danginsu bane, kuma ƙananan furanninsu na ciyar da ƙwarin da ke cin ƙwari. Akwai wata ƙuda mai zanen rawaya da baƙi da ke tsayawa cak a iska, uwar ruwan fure take sha amma tsutsarta ɗarɓa take ci, akwai 'yan mitsi-mitsin zanzaro da ke yin ƙwai a jikin tsutsa da farar ƙuda su kashe su. Abin da kuka gani a Jazira kenan, feshin ya kashe masu cin farar ƙudar ita kuma ta saba da maganin, shi yasa a ƙarshen shekarun 1970 ta zama annoba. A 2020 an tattara bincike da yawa daga ƙasashe daban daban aka ga layin fure na ƙara wannan kashe ƙwarin da kashi 16 cikin ɗari a matsakaici. Ba mu'ujiza bace amma ba asara bace. Maciji da ɓera kuma duhuwa suke so, layin da bai wuce taku biyu ba ana shiga ana yanka ana kai kasuwa baya zama duhuwa.

Kuma itace da fure ba kishiyoyi bane. Kurnar da aka dasa bana sai ta shekara wasu shekaru kafin tayi fure, kafin nan wa zai riƙe ƙwarin? A dasa itacen a kuma shuka mai saurin.

Ɗan'uwa na Kasala ka ce kuna feshi akan lokaci, wane lokaci ne? In da safe ne fure a buɗe to duk abin da muka faɗa a nan ya rushe, ka kira su da fure ka kashe su da magani, gara ma baka kira ba. Ka mayar da shi yamma liƙis bayan fure ya rufe, kar ka fesa layin furen ko kaɗan, kuma ranar iska ka haƙura. Sannan ka karanta jikin kwalba, in ka ga imidacloprid ko thiamethoxam ka sani irin wanda ke shiga jikin tsiro ne har cikin ruwan fure da garinsa, yamma ko safe duk ɗaya, kar ka saka shi dab da fure. Tarayyar Turai ta hana amfani da su a fili tun 2018 saboda ƙudan zuma.

Maman Yara (Sinja)

Sallama gareku, Baba ina gaisuwa. Ni ba manomiya bace ta gona, bayan ɗaki ne kawai nake da shi amma kabewa bata taɓa ƙi na ba. Yaya na Kasala barbarar hannun da Malam ya faɗa ba wuya, mahaifiyata ke yi tun muna yara. Bayan asuba rana na ɗan fitowa ka tsinko namijin da ya buɗe yau, ka yage rawayan ganyen nan ka bar tsinken tsakiya, in ka taɓa da yatsa zaka ga gari ya manne maka, sai ka buɗa macen a hankali ka goga shi ko'ina a bakinta ka zagaye kar ka bar gefe. Namiji ɗaya na isar mata biyu ko uku. Yara ma na iyawa in an nuna musu, sai dai faddan guda kam ba mai iya binsa da hannu kullum.

Abin da na lura yana tara su a gidana zogale ne da rihan (ɗoɗɗoya) da lalle, zogalen nan kusan baya rabuwa da fure kuma babban baƙin nan baya barinsa. Ganyen jirjir da muke salak da shi ma in na bar wasu suka tsufa sukayi fure zaka ga ƙananan sun yi masa caa. Kuma duk abin miya ne ba asara.

Tambaya nima gareni Malam, akwai wasu ƙananan zuma da suka yi saƙa ɗaya kamar tafin hannu a reshen lemun tsamina, a fili ba cikin kogo ba, yara na son su sa musu wuta na hana. Suna da amfani ko in bari a cire?

Ɗan Sawagi (Kasala)

Kai jama'a Allah ya biya ku, Baba na gode Allah ya ƙara girma, ba irin da zai shigo min daga waje in sha Allah. Malam feshin da safe muke yi saboda lokacin ne iska ke kwance, zamu mayar yamma. Kashi ɗaya cikin huɗu dai yayi min yawa a farko, ƙannena bazasu yarda ba, ina tunanin bin bakin babbar hanyar ruwa inda dama yake jiƙe kullum in saka kasbara da shamar da rihan, sai zogale da kurna ta jikin shinge. To yaushe zan shuka su in ina son su riski kankanar, kuma gefe ɗaya ya isa?

Malamin Gona (Gadarif)

Hajiya ta Sinja ki barsu, kin yi daidai. Wannan 'yar ƙaramar asalinta daga Asiya take, a 1985 aka fara ganinta a Khartum daga nan ta bi kogi ta bazu. Zumarta kaɗan ce, bata cika faɗa ba in ba a taɓa ta ba, kuma tana aiki sosai a furen lemo da albasa da kayan miya. Ki dai gaya wa yara kar su jefe ta.

Ɗan'uwa bakin hanyar ruwa dabara ce mai kyau, ruwan da ke tsiyaya a banza shi zai shayar da su. Kasbara da shamar da jirjir 'yan sanyi ne, ka saka su daga Nuwamba, kuma kar ka zuba duka rana ɗaya, ka raba kashi kashi da tazarar sati biyu uku don in na farko ya tsufa na biyu na buɗewa. Kasbara na kai wajen wata ɗaya da rabi zuwa biyu kafin tayi fure, don haka ka rigayi kankanar da kamar sati biyu ko uku. Ka yanki rabi ka sayar ɗanye ka bar rabi yayi fure, ƙarshe ka samu irin sayarwa. Lokacin zafi kuma rihan da wake da barsim (ciyawar dabbobi) da ka bari yayi fure su zasu riƙe maka, darbejiya ma na fure a bazara, lokacin da ya fi kowane wahala a wurinsu kenan. Albasar da kuke bari ta iri ita ma ka ƙirga ta cikin furen, kuma zata fi cika in ƙwarin sun yawaita.

Faddan biyu gefe ɗaya zai taimaka amma in ka samu hali ka ratsa layi ɗaya ta tsakiya, don amfanin na raguwa in ana nisa da furen. Ka bar wani ɗan tudu mai rairayi inda rana ke bugawa, ba huɗa ba ruwa ba feshi, in ka ga 'yan ramuka da ƙasa a bakinsu kar ka take, gidajensu ne. Ka ɗaure busasshen karan dawa dami ɗaya ka rataye a inuwa ma wasu zasu shiga.

Ruwan sha kuma ka saka musu a faranti mara zurfi da tsakuwa a ciki don su samu wurin tsayawa kar su nutse, amma ka riƙa zubarwa kana wanke farantin duk bayan kwana biyu uku, ku mutanen Kasala kun ga abin da sauro yayi muku da zazzaɓin kankasha a 2018, kar garin neman zuma a tara shi a lambu.